Yadda nake tsara ranakun ƙungiyarmu ta kwaikwayon yaƙin zamanin da a Ingila

Shekara ta bakwai ke nan littafin ranakun ƙungiyarmu yana hannuna. Mu talatin da 'yan kai ne, yawancinmu mazauna Leicester da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Abin da ya haɗa mu shi ne kwaikwayon rayuwar Ingila ta ƙarni na 15, lokacin da gidan York da gidan Lancaster suka yi ta gwabzawa a kan sarauta, daga 1455 zuwa 1487. Mukan kafa tantuna irin na wancan zamani, mu yi girki da itace, maƙerinmu ya hura wuta, masu ɗinki su zauna da allura, in rana ta yi kuma dakaru su sa sulke da kwalkwali su fito fage gaban 'yan kallo.

Na shiga ne a 2015, shekarar da aka sake binne ƙasusuwan Sarki Richard na Uku a babban cocin Leicester, bayan an tono su a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a 2012. A cikin hidimar makon nan na ga wani dattijo sanye da riga mai kauri da aka bi da ɗinki layi-layi. Na ce masa a garinmu lifidi ake kiran wannan, kuma tun ina yaro nake ganin masu shi a Hawan Daushe a Kano. Hira ta yi daɗi, ba a yi wata biyu ba ni ma na saka.

Wanda aka ɗora wa tsara taruka yakan ɗauka aikinsa shi ne nemo gayyata. Gayyata ba ta wuya, makarantu da tsofaffin gidajen sarauta da kwamitocin bikin ƙauye kullum suna neman masu takubba. Ainihin aikin shi ne ka san mutum nawa za su zo da gaske, kuma kada ka yi wa kowa alkawarin abin da ya wuce wannan adadi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

A Nuwamba ake gina shekara

Kakar wasanmu takan fara wajen Ista, bikin Kirista da ke faɗowa a Maris ko Afrilu, ta ƙare a ƙarshen Satumba. In ka bari sai Maris ka fara tunanin ranaku, to wasu sun riga sun kwashe maka mutane. Mu a Nuwamba muke zama, in an wanke kaya an adana, kowa kuma bai manta wahalar da ya sha ba.

Ina zuwa zaman da babbar kalandar bango ta shekara mai zuwa, kuma abin da nake fara shatawa shi ne ranakun da ba ni da iko a kansu. Akwai Ista, akwai hutun Litinin ta farko da ta ƙarshe a watan Mayu, da Litinin ta ƙarshe a Agusta. Waɗannan ƙarshen mako masu dogon hutu su ne masu gayyata suka fi rububi, don haka kada ka bayar da su da arha ko da gaggawa. Sai manyan tarukan da mutanenmu za su je ko na so ko ban so ba: bikin Tewkesbury a watan Yuli, da na Bosworth a Agusta, kusa da ranar 22 da aka kashe Richard a 1485. Wasu daga cikinmu kuma suna da wata ƙungiyar ta zamanin da ya girmi namu, su a tsakiyar Oktoba suna can Battle Abbey wajen tuna yaƙin Hastings na 1066, a Fabrairu kuma suna York wajen bikin Vikings, maharan arewacin Turai na zamanin da. Sanya taronka a kan ɗaya daga cikin waɗannan ranaku neman ɓacin rai ne kawai. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sababbin masu tsarawa sukan nace sai an yi taro a ainihin ranar da aka yi yaƙin. Na fahimci wannan sha'awa, amma ka dubi Tewkesbury. Ranar 4 ga Mayu 1471 aka yi yaƙin, bikin kuwa a Yuli ake yi, kuma yana cikin mafi girma a Turai. Yaƙin Towton a ranar 29 ga Maris 1461 cikin dusar ƙanƙara aka yi shi. Wa zai kwana a tanti da yara ƙanana a irin wannan sanyi? In ranar tarihi ta faɗo a lokacin da bai dace ba, a je a yi gajeriyar ziyara ta yini ɗaya, babban sansani a ɗaga shi zuwa lokacin da ƙasa ta bushe.

Bayan nan sai rayuwar mutane. Masu 'ya'ya a sakandare ba sa motsi a Mayu da Yuni saboda jarrabawa. A Yuli da Agusta ake dogon hutun makaranta, rabin iyalai sun yi tafiya. Muna da ma'aikatan jinya biyu, su sai sun nemi hutu da watanni. Ni kaina ina sa azumi da Sallah a kan kalandar nan tun ranar farko. A 2016 da 2017 azumi ya faɗo a Yuni, ana kai sa'a goma sha takwas ba a sha ruwa ba, ban ko taɓa sulke ba a watan, tsaron sansani na yi. Ranar Sallah kuwa kwana biyu nake toshewa, tun da sai an ga wata. Ban taɓa samun wanda ya yi ƙorafi a kan wannan ba, don tun da wuri na faɗa.

Abin da ya rage bayan duk wannan shata shi ne ainihin shekararka, kuma za ka ga bai kai yadda kake zato ba. Mu ba ma wuce taro takwas zuwa goma. Ba ma kuma jera ƙarshen mako uku a jere. Dalili ɗaya shi ne gajiya, ɗaya kuma tanti. Tantinmu na zane mai kauri ne, in aka naɗe shi da danshi ran Lahadi, sai an baza shi ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ya yi funfuna ya ruɓe. Mutumin da ke zaune a ɗan ƙaramin gida, tanti na shanye a kan matakalarsa har Laraba, ba zai yi murnar sake loda shi ran Juma'a sau uku a jere ba.

Kalanda ɗaya ce tak, mutum ɗaya ne kuma yake rubutu a cikinta. Tamu tana Google Calendar, kowa yana gani, ni kaɗai nake canzawa. Duk wanda aka tare shi a wani wuri aka ce ana son mu zo, amsarsa ɗaya: zan haɗa ku da magatakardanmu.

Ƙidayar kai

Nan ne na fi daɗewa ina koyo, kuma da ciwo na koya. A shekarata ta biyu wani kwamitin bikin ƙauye ya nemi mu kawo dakaru ashirin. Na tambaya a zaurenmu na WhatsApp, mutum ashirin da uku suka ɗaga babban yatsa, na sa hannu a takarda. Ranar taro goma sha ɗaya suka zo. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wani motarsa ta lalace, wani surukarsa ba lafiya, wasu kuma yatsan da suka ɗaga nufinsu abin ya burge su, ba wai za su zo ba. Na tsaya gaban matar da ta shirya bikin, ta riƙe takardar sanarwar da ta buga tana cewa za a yi gagarumin yaƙi, ga mutum shida suna fuskantar mutum biyar a fili mai faɗin filin ƙwallo. Ba ta yi faɗa ba, ta biya mu cif. Ba su sake kiranmu ba, kuma har yau ina ganin da gaskiyarsu.

Tun daga ranar, yatsa ba amsa ba ce a wurina. Kowane taro yana da fom, ana rufe shi saura mako shida. Mutum zai rubuta ranar da zai iso da ranar da zai tafi, ko zai yi yaƙi ko sana'a zai nuna, girman tantinsa har da igiyoyi, yara nawa zai zo da su, abincin da ba ya ci, da ko akwai gurbi a motarsa. Muna karɓar kuɗin abinci tare da fom ɗin. Ba wani kuɗi mai yawa ba ne, amma wanda ya biya ya fi tuna ranar.

Ko bayan wannan, in ashirin suka cika fom, goma sha huɗu nake rubutawa a yarjejeniya. In an zo da ƙari mai gayyata ya ji daɗi. In kuma na ga adadin yana zubewa, a ranar nake kiran waya, ba na jira ko Allah zai kawo wasu. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Saura wata guda ana iya mayar da yaƙi ya zama nunin makamai da faɗan mutum biyu-biyu, ko a gayyato wata ƙungiya a raba kuɗin. Saura kwana uku babu abin da za a iya.

Sannan ba kowane kai ne daidai da wani ba wajen ƙidaya. Akwai mutum biyar da in babu ɗayansu taron bai yiwuwa: mai motar da ke jan tirelar kaya, uwar girki, mai kula da fage, mai takardar agajin gaggawa, da mai lasisin albarushi in za a harba bindiga. Su nake fara kira ɗaya bayan ɗaya kafin in ce wa mai gayyata to. Ina kuma ƙoƙari kowannensu ya sami mataimaki da yake koyo a hannunsa, don shekara uku muka yi duk tafiyarmu tana rataye a wuyan mutum ɗaya da motarsa.

Takarda da ziyarar fili

Kome daɗin maganar waya, a rubuta. Tambayoyina ba sa canzawa: ina famfon ruwan sha yake, tazararsa nawa daga sansani, wa zai kawo itace kuma busasshe ne, makewayi nawa ne kuma a buɗe suke da dare, ƙarfe nawa za a bar mu mu shiga ran Juma'a, ina za a ajiye motoci, nawa za a biya kuma yaushe, in aka soke saboda ruwa wa zai ɗauki asarar man mota da cefane. Mukan nemi kafin alƙalami daga wanda ba mu taɓa aiki da shi ba. Su kuma za su nemi takardar inshorarmu, galibi ta fam miliyan biyar, da takardar da ke bayyana haɗurran da ke cikin wasan da matakan da muka ɗauka. Ka duba ranar ƙarewar inshorar tun a Janairu, kada ta mutu a tsakiyar kaka.

Gani ya kori ji, saboda haka ba na yarda da hoto. Ina zuwa filin da ƙafata, in da hali bayan an yi ruwa. Ina taka inda za a yi yaƙi ina neman ramukan zomo, don mutumin da ke cikin kwalkwali ba ya ganin ƙafarsa. Ina duba ƙofar shiga ko tirela za ta iya juyawa, ko motar asibiti za ta kai bakin fage. In filin makiyaya ne, sai a fitar da dabbobi saura mako uku, saboda cutar da ke cikin kashinsu, ga yara suna wasa a ƙasa, ga abinci ana dafawa. In manomi zai yanke ciyawa, ka tambayi yaushe, don shi da yanayi yake shawara, kalandarka ba ta dame shi ba.

Maganar wuta ka yi ta tun farko. Yawancin tsofaffin ganuwoyi da kufai a Ingila suna ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi ta 1979, ba a haƙa ƙasarsu sai da izini. A irin waɗannan wurare murhun ƙarfe mai ƙafafu muke ɗauka, wani wurin ma har tsawon turakun tanti sai an ƙayyade. Ka sani kafin ka loda kaya.

A filin nake zana fage. Igiya biyu muke ja, da tazara tsakaninsu, yadda in mashi ya kuɓuce ko mutum ya faɗi da baya ba zai kai ga 'yan kallo ba. Maharba kibansu masu kan roba ne, duk da haka ba sa harbi ta fuskar jama'a. Ina kuma lura da inda rana za ta kasance a lokacin wasan, kada ta dalle idon 'yan kallo.

Hukuma kuma a sanar da ita. Doka ta hana yawo da makami mai kaifi a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, don haka takubbanmu a naɗe suke tafiya cikin but ɗin mota, kowa da katin ƙungiya a aljihu. In za a yi harbi, ina sanar da 'yan sandan yankin da kwanaki, in karɓi lambar rahoto, don maƙwabta za su ji ƙara su kira su. In taron namu ne na kanmu kuma za a sayar da giya, akwai sanarwar wucin gadi da ake kai wa ƙaramar hukuma aƙalla kwanakin aiki goma kafin ranar, kuma ba ta ɗaukar fiye da mutum 499. Wannan ɓangaren wani nake ba wa ya riƙe, amma ranar tana cikin kalandata.

Jadawalin yini: daga fage ake lissafi a dawo baya

In an ce yaƙi ƙarfe biyu, ni a takardata ƙarfe ɗaya saura kwata yake farawa. Cikakken kayan ƙarfe yakan kai kilo ashirin zuwa ashirin da biyar, kuma mutum ba ya sa shi shi kaɗai. Daga ƙafa ake farawa a hau sama, kowace ɗamara sai an ja an ɗaure, wani ya riƙe wani ya zura igiya. Minti arba'in nake warewa. Sai taruwa saura minti ashirin, inda mai kula da fage yake bin kowane takobi da yatsa yana neman tsini ko ɓurɓushin ƙarfe, ya duba safar hannu da kwalkwalin kowa, ya maimaita yadda wasan zai gudana: wa zai fara ja da baya, wa zai faɗi, wane ɓangare ne zai ci. Ya kuma tuna wa kowa kalmar da in aka kira ta, kowa zai tsaya cik ya sauke makami. Abinci ya zama an ci an gama sa'a ɗaya da rabi kafin nan, wanda ke nufin uwar girki ta hura wuta tun goma. Ka ga yadda ƙarfe biyu ta dawo da kai har safiya.

Masu gayyata suna son a cika kowane rabin sa'a da wani abu. Ina ƙi, cikin ladabi. Yaƙi biyu a yini ya isa, da aƙalla sa'a uku tsakaninsu, kowanne bai wuce minti ashirin zuwa talatin ba. A tsakani sai a sa abin da bai buƙatar mutanen nan: nunin harbin baka, atisayen yara da sandunan katako, bayanin yadda ake sa wa jarumi kaya. Wanda ya fito daga fage yana bukatar ya cire kwalkwali, ya sha ruwa, ya zauna a inuwa. Masu ɗaukar ruwa suna da suna a jadawali kamar kowa, mutum ɗaya ga kowane dakaru biyar ko shida. A wannan tazarar ni ma nake zamewa bayan tanti in yi azahar.

Sansani kuma ba a barinsa babu kowa. Lokacin da kowa ya tafi kallon yaƙi ne ɗan wani yake shiga tanti ya ɗauki wuƙa, ko ya matsa kusa da wuta. Mutum biyu suke zama, kuma ana karɓa-karɓa, kada ya zama kullum mata ne ko tsofaffi aka bari.

Ka nemi jadawalin sauran masu wasa, ka ɗora a kan naka. Masu dawaki da masu shaho ba sa son ƙarar bindiga kusa da lokacinsu. Ka kuma tambayi cocin garin. Wata Asabar mun shirya harbi ƙarfe ɗaya, ashe ana ɗaurin aure a cocin da ke bayan shingen filin a daidai lokacin. Mai share harabar cocin ne ya gaya mini da safe, da na je neman famfo. Muka matsar da harbin zuwa biyu da rabi, na bi tanti-tanti ina faɗa da baki, na kuma gyara allon da ke bakin sansani. Tun daga nan wannan tambaya ta shiga jerin tambayoyina.

Motoci su fice saura sa'a ɗaya a buɗe ƙofa. Saura rabin sa'a nakan zaga in ga ba robar ruwa a fili, ba agogo a hannu, ba waya a kan tebur.

Ruwa, iska da zafi

A rubuta tun kafin ranar wa yake da ikon cewa an fasa, kuma ƙarfe nawa zai yanke. A wurinmu mai kula da fage ne, maganarsa ta fi ta shugaba, ta fi ta mai gayyata. Ruwan sama kaɗan ba ya hana komai, amma ciyawa mai santsi da takalmin fata marar dunduniya haɗari ne. Iska ta fi ruwa ɓarna ga tanti. Zafi kuwa ya fi su duka, don ba a ganinsa. A Yulin 2022, watan da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karon farko, muna da taro a ƙarshen makon da ya gabaci ranar. Muka cire kayan ƙarfe gaba ɗaya, aka yi gajeren wasa da lifidi da kwalkwali da safe, da rana aka shimfiɗa sulken a kan tebur mutane suna ɗagawa suna jin nauyinsa. Mai gayyata bai musa ba, don sharaɗin yana cikin takardar da ya sa wa hannu tun Fabrairu.

Tashi

Ba a sauke tanti sai ɗan kallo na ƙarshe ya fita, ba a shigo da mota sai mai fili ya ce a shigo. Masu nisa su fara lodi, amma kowa sai ya sa hannu a kayan ƙungiya kafin ya taɓa nasa. In an gama, mukan jeru kafaɗa da kafaɗa mu taka filin daga wannan gefe zuwa wancan, ido a ƙasa. Turakun tanti muke nema, da kibau, da ƙusoshi. Maharba sun san adadin kibau da suka fito da su, ba a tashi sai lissafi ya cika, don turke ɗaya da aka bari zai iya fasa injin yankan ciyawa ko ya soki ƙafar saniya. Inda aka yarda muka yanke ciyawa don murhu, a mayar da ita a zuba mata ruwa.

Ran Litinin nakan aika saƙon godiya da takardar neman biya, in kuma tambaye su ranar bikinsu na baɗi tun abin yana da zafi. Daren nan kuma nake buɗe littafina in rubuta shafi ɗaya a kan filin: mutum nawa suka cika fom, nawa suka zo, famfo yana bayan rumbun ciyawa, ƙofar gabas ta yi wa tirela ƙunci, itacen da suka kawo ɗanye ne a zo da namu, coci yana da ɗaurin aure yawancin Asabar ɗin Yuni. Wannan shafin nake buɗewa a zaman Nuwamba idan sunan garin ya sake tasowa.